Matsafin Takarda da Bokan Bayan Gari

 Wata tambaya ta iso wannan fili daga unguwar Gidan Dahala cikin birnin Sakkwato, kuma tambaya ce da ta shafi iyaye da yawa, ko da ba su riga sun yi ta ba. Wani magidanci ne ya ga ɗansa, ɗalibin jami'a, ya duƙufa kan wani wasan karta a cikin wayarsa. Katunan ba irin waɗanda aka saba gani ba ne, domin kowane ɗaya yana ɗauke da hoton matsafi ko aljani ko dodo, a ƙarƙashinsa an rubuta irin tsafin da yake yi. Yaron ya ce wasa ne kurum. Uban kuwa yana so ya sani, shin wanda ya yi wasa da labarin sihiri ya taɓa sihiri ke nan?

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka ya kamata a fara da bayanin wasan kansa.

Siffar wasan

Uban irin waɗannan wasanni shi ne wanda ake kira Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ne ya ƙaga shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi cikin 1993, kuma ana iya yinsa a wayar hannu. Mutum biyu ke zama, kowane da tarin katuna aƙalla 60 da rai 20. A cikin labarin wasan, kowane ɗan wasa matsafi ne mai ƙetarawa daga wata duniya zuwa wata. Yana janyo ƙarfinsa daga ƙasa, ya kira mayaƙa da dodanni, ya jefi abokin karawarsa, har sai ran ɗayansu ya sauka daga 20 zuwa sifiri.

Masu wasan sun kasa tsafin kashi biyar, kowane kashi da launinsa da ƙasarsa da halinsa. Fari daga sarari yake fitowa, shi ne na doka da oda da warkarwa. Shuɗi daga tsibiri, shi ne na ilmi da dabara da yaudara. Baƙi daga fadama, shi ne na mutuwa da neman mulki ko ta halin ƙaƙa. Ja daga duwatsu, shi ne na wuta da fushi da gaggawa. Kore daga kurmi, shi ne na tsiro da namun daji. Ba wanda zai jefa babban tsafi sai ya tara ƙasar da za ta biya shi, watau dai lissafi ne aka sa wa rigar boka.

A kan wannan lissafi marubutan kamfanin suka gina dogon labari. Mafi shahara a ciki shi ne na wa da ƙane, Urza da Mishra, waɗanda suka tsinci wani dutse mai asiri a cikin kogo, ya rabu biyu, kowane ya riƙe rabi yana kwaɗayin rabin ɗan'uwansa. Suka yi shekaru suna yaƙi, suka sare dazuzzuka suka haƙe ƙasa don ƙera makamai, a ƙarshe Urza ya fasa wani makami da ya hallaka ƙasar, sanyi ya rufe duniyarsu zamani mai tsawo. Wanda ya san ƙissar Habila da Ƙabila ba zai rasa gane cutar da ake nufi ba, hassada ce. Har ila yau, katunan farko da aka ƙara wa wasan cikin Disamba 1993 daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su, akwai Aladdin da Ali Baba da Sindbad da aljanu da ifritai. Ashe wani sashe na kayan aro ne daga tatsuniyoyin ƙasashen Musulmi. Ita kanta karta daga Masar ta zamanin Mamalik ta shiga Turai wajen 1370.

Hausawa ma suna da nasu

Bahaushe ba baƙo ba ne ga duniyar da aka tsara wa sarakuna da gidaje na ɓoye. 'Yan bori suna da birninsu na Jangare, wanda ba a gani da ido, mai gidaje goma sha biyu, ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. A ciki akwai Inna, da Malam Alhaji, da Sarkin Rafi, da Kuturu, da Barhaza, da Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da ɓarnar dukiya da son caca. Kowane iska yana da tufafinsa, da irin dabbar da ake yanka masa, da cutar da ake cewa yana sa wa mutum, da kirarinsa, da kiɗan garaya ko goge da ake kiransa da shi. Da wani zai rubuta waɗannan siffofi a kan katuna, da sun yi kama da wasan Amurka ƙwarai.

To, amma a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba. Ba a taɓa jin an yanka wa Urza baƙin bunsuru ba. Ba matar da ta sayar da akuyarta don Mishra ya ba ta haihuwa. Ɗan Galadima kuwa an yanka masa, an roƙe shi, an ji tsoronsa. Tsarin iri ɗaya ne a ido, abin da zuciya ta ƙudurta a kansu ya bambanta, kuma a kan abin da zuciya ta ƙudurta da abin da hannu ya aikata shari'a take magana.

Mene ne sihiri?

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar sihiri a wurare da yawa. A Suratul Baƙara, aya ta 102, an kore wa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ƙazafin da aka yi masa na sihiri, an bayyana cewa shaiɗanu ne suka kafirta da koya wa mutane shi, an ambaci raba miji da mata a matsayin misalin aikinsa, sa'an nan aka tabbatar da cewa ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah. A Suratu Ɗaha an nuna cewa igiyoyi da sandunan masihirtan Fir'auna rufa ido ne aka yi har aka ga kamar suna tafiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya lissafa sihiri cikin manyan zunubai bakwai masu hallakarwa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. A mazhabar Imamu Malik hukuncin masihirci yana da tsanani matuƙa, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani.

Idan aka tattara waɗannan, za a ga sihiri yana tsayuwa ne a kan abubuwa uku. Na farko, ƙudurcewa cewa wani abin halitta yana da ikon amfanarwa ko cutarwa ta hanyar ɓoye, ko ya san gaibu. Na biyu, aiki: yanka, ko binne, ko tofi cikin ƙulli, ko kiran sunayen da ba a san ma'anarsu ba. Na uku, wanda aka nufa da aikin, watau mutum mai rai da jini wanda ake so a juya ba da yardarsa ba. Sunayen da Hausawa suka ba waɗannan ayyuka sun isa shaida. Farraƙu don a raba masoya, mallaka don a kwace wa miji ra'ayinsa, kurciya don a sa mutum ya bar garinsu ya shiga duniya, sammu da jifa don a nakasa wanda ake ƙi. A ƙarƙashinsu duka buri ɗaya ne, mutum ya sami abin da ba nasa ba, ba tare da ya bi sababin da Allah Ya halatta ba, ba kuma tare da yardar mai abin ba. Shi ya sa sihiri ya haɗa laifi biyu, shirka ga Mahalicci da zalunci ga abin halitta.

Wannan shi ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yaƙa kafin hijirarsa zuwa Gudu cikin 1804 da bayanta. A littafinsa Nurul Albabi ya lissafa ayyukan masu gauraya Musulunci da al'adun jahiliyya, kamar yanka ga itatuwa da duwatsu, da da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko taurari ko labarin aljanu, da sihirin raba masoya, da rubuta ayoyin Allah a kan ƙazanta. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata, don su sami abin riƙewa da ya fi bori. Duk abin da suka yaƙa abu ne da mutane suka gaskata suka kuma aikata.

Inda tatsuniya ta rabu da tsafi

Idan aka auna wasan karta na matsafa da waɗannan abubuwa uku, ba a samun ko ɗaya. Ɗan wasa ba ya ƙudurta cewa katin yana da iko, ba ya yanka masa kome, kuma idan aka tashi, abokin karawarsa yana tashi lafiya lau su tafi cin abinci tare. Abin da ke hannunsa tatsuniya ce mai lissafi.

Tatsuniya kuwa tana da wata gaskiya da boka ba shi da ita, domin ita ce ƙaryar da ke faɗin sunanta. Tsohuwa takan ba jikokinta labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, in ta gama ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Da wannan kalma ta rufe ƙofar, yaro ya san inda labari ya ƙare da inda duniya ta soma. Boka ba ya cewa ƙurunƙus. Ranar da ya faɗe ta, ranar kasuwarsa ta watse.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan bambanci. Muƙamar Hariri, wanda ya rasu cikin 1122, ana karanta ta a zaurukan Sakkwato da Kano da Zariya, alhali duk malamin da ke fassara ta ya san labaran Abu Zaidin Saruji shiryawa aka yi. Hariri da kansa ya kare aikinsa a gabatarwar littafin, ya kwatanta shi da labaran da ake sa wa dabbobi a baki don koyar da hikima. A nan ƙasar Hausa, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun fito cikin 1934, cike suke da aljanu da abubuwan mamaki, kuma marubutansu 'ya'yan gidan malamai ne. An karantar da su a makarantu shekara da shekaru, ba a ji wanda ya zama boka saboda su ba.

Akwai wani misali daga Katsina da ke nuna yadda abu ɗaya yake zama biyu gwargwadon abin da aka ɗauke shi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ya rubuta littafi cikin 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi. Mafi sauƙin hatimi shi ne mai gida tara, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla 15 ce. Masana lissafi na duniya suna ambaton Malamin har yau saboda wannan aiki. Idan malamin makaranta ya zana wannan hatimi a allo don koya wa yara haɗa lamba, lissafi ne, ba mai jayayya. Idan aka naɗe shi aka ce shi ne zai jawo arziki ko ya karya maƙiyi, an shiga wurin da malamai suka yi doguwar magana. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya keɓe babi a littafinsa al-Furuƙ don rarrabe sihirin da ke kafirtarwa daga abin da bai kai shi ba, Ibn Khaldun kuwa ya tsananta a Muƙaddima. Lambobin ba su sauya ba, niyya da aƙida ne suka sauya.

Saboda haka ba daidai ba ne a kira yaro mushriki don ya yi wannan wasa. Shehu da kansa ya rubuta littattafai yana tsawata wa ɗaliban da ke gaggawar kafirta talakawan Musulmi. Kalmar kafirci tana da nauyi, ba a jefa ta a kan zato.

Abin da ya cancanci tsoro

Kuɓuta daga sihiri ba ta wanke wasan daga sauran aibobi ba. Akwai abubuwa huɗu da ya wajaba uba ya bincika.

Na farko caca. A ƙa'idar wasan ta 1993, kowane ɗan wasa yakan ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce tsantsa, wadda Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haramta, kuma kamfanin da kansa ya bar wannan ƙa'ida bayan 'yan shekaru. Amma wata ƙofar tana nan a buɗe. Ana sayar da katunan a ƙunshe cikin leda, mai saye ba ya sanin abin da ke ciki sai ya biya ya buɗe, yana fatan ya dace da kati mai tsada. Cikin 2024 an sayar da kati guda mai suna Black Lotus a kan dala miliyan uku. Sayen abin da ba a san shi ba da fatan a dace shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira garari, kuma shi ne ke koya wa zuciya ɗanɗanon caca. Caca tana cikin dalilan da malaman Saudiyya suka kafa sa'ad da suka hana katunan Pokémon cikin 2001. Abin lura, caca da sihiri 'yan uwa ɗaya ne, dukkansu neman samu ne ba da gumi ba. Ba banza ba 'yan bori suka sa wa Ɗan Galadima son caca.

Na biyu alfarmar addini. Cikin katunan 1993 akwai wanda aka rubuta sunan Allah a kansa, akwai kuma wanda aka kira Jihad, wanda kamfanin ya hana wasa da shi cikin 2020 tare da waɗansu shida. Sunan Allah ba abin shimfiɗawa a tabarmar wasa ba ne. Duk katin da ya taɓa sunan Allah ko Annabawa ko Mala'iku da wasa, Musulmi ya nisance shi, wannan ba ya bukatar dogon bincike.

Na uku lokaci. Ayar da ta haramta caca ta faɗi illarta, watau ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga ambaton Allah da salla. Muslim ya ruwaito hani mai tsanani game da wasan nardu, kuma Risala ta haɗa shi da shaɗaranji ta ce ba su halatta, ko da yake Shafi'iyya sun tsaya ga karhanci a kan shaɗaranji idan ba kuɗi a ciki. Uban da ya riƙi maganar Risala ya hana ɗansa irin waɗannan wasanni yana da madogara, sai dai ya faɗi dalilinsa na gaskiya, ya ce shagala ce. Yaron da aka yi kiran salla yana cewa bari ya gama wannan zagaye, wasan ya riga ya ci shi, ko da hoton furanni ne a kan katunan.

Na huɗu shekarun mai wasa. Ɗalibin jami'a ya san ƙurunƙus. Yaro ɗan shekara bakwai bai gama rarrabewa ba, shi kam sai an zauna da shi an tambaye shi abin da ya fahimta. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda za ta nuna wane hali labarin ya sa shi so: shin ya ga yadda hassada ta hallaka Urza da Mishra, ko kuwa ya fita yana sha'awar ikon juya mutane? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hira ake tanƙwara irin wannan.

Bokan bayan gari

Saura magana ɗaya, ita ce mafi ɗaci. Yana da sauƙi a ƙwace waya a hannun yaro, domin matsafin takarda baƙo ne, ba shi da dangi a gari. Bokan bayan gari kuwa yana da masu zuwa wurinsa da dare, kuma ba yara ba ne. Ɗan kasuwa ne da ke so a rufe shagon maƙwabcinsa, da uwargida da aka yi wa kishiya, da mai neman kujera idan zaɓe ya ƙarato, da mai shari'a a kotu da ke so a ɗaure bakin shaidu. Waɗansu bokayen ma sun sa rawani sun riƙe tasbaha, ana kiransu malaman tsubbu, suna tambayar sunan uwar mutum da ƙyallen tufafinsa da ƙasar sawunsa. A wurinsu ne abubuwa ukun nan suke cika, aƙida da aiki da wanda aka nufa. A wurinsu ne ake rasa dukiya da aure da imani. Gidan da aka hana yaro katin aljani alhali an binne laya a bakin ƙofa, an bar jaki ana dukan taiki.

Maganin da Musulunci ya bayar sananne ne kuma ba a sayensa. A koya wa yaro tauhidi tun yana ƙarami, ya san ba mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. A koya masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da addu'o'in safe da maraice. A nuna masa cewa arziki yana bin sababi, watau karatu da sana'a da haƙuri, rashin lafiya kuma tana da asibiti da addu'a. Yaron da ya tashi a kan wannan zai iya karanta labarin aljanu ya rufe littafi ya yi barci, kuma idan ya girma ba zai bi hanyar bayan gari ba.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya tsare zuriyar Musulmi daga shirka da caca da shagala, Ya ba iyaye hikimar tarbiyya, amin.